Ƙofa Ta Uku A Hanyar Makara

Tumaki ne suka fara kawo labari. Ranar Lahadi da safe, tsakiyar Oktoba, mutanen Arnthwaite suka fito za su coci, suka tarar da tumaki sittin suna kiwo a tsakanin kaburbura. Jan fenti ne a kafaɗarsu ta hagu. Kowa ya san na Jabez Harker ne, kowa kuma ya san wurinsu yana can sama, bayan ƙofa ta biyu a Hanyar Makara.

Ni na hau na duba. Sunana Amos Kearton, shekarata saba'in da takwas. Makaranta ban yi mata wani zama ba, rabin kwanakinta a tudu na yi su. Shekara arba'in ina gadin dajin farauta. Na bi sawun dila, na bi na ɓarayin tumaki, sau biyu na bi na mutanen da suka ɓata a hazo. Takarda tana ba ni wuya. Ƙasa ba ta taɓa ba ni ba.

Ƙofa ta farko an buge ta da mota, tana kwance a laka. Ta biyu ta rabe gida biyu. A tsakaninsu an yi ta juya taya da gangan har ciyawa ta koma kunu. Na ci gaba da hawa. Hazo bai gama tashi ba.

A kwanar da ke ƙasan Dutsen Hutu, inda kakanninmu suke ajiye makara su numfasa idan sun ɗauko gawa daga ƙetaren tudu, na ga karen Enid Sunter a zaune. Bai yi haushi ba. Enid tana kwance a gefen hanya, sandar awonta a ƙarƙashinta. Shekara talatin da ɗaya ta koyar a makarantar garinmu. Na taɓa wuyanta. Ta yi sanyi.

Na cire hulata. Ban matsa ko taku ɗaya ba sai da na gama kallon ƙasa.

* * *

Kafin azahar gari ya gama yanke hukunci. Rhodri Pugh ne.

Rhodri baƙo ne, daga Wales ya zo shekara shida da suka wuce. Sana'arsa ɗaukar mutanen birni a manyan jif yana zagawa da su tsofaffin hanyoyin tudu, su ga kwari, su ɗauki hoto, su koma gida da laka a jikin mota suna murna. Doka ta ba su hanya, wai don keken doki ya taɓa bi a zamanin kakanni. Shekara sha biyar jif suna haƙa Hanyar Makara, har ramukan taya suka kai gwiwa. Ranar Alhamis mai zuwa majalisar gunduma za ta zauna ta duba koken da muka kai na a hana mota bi. Ni ma na sa hannu. Sunana ne na huɗu a takardar.

Enid ce mai auna ramukan. Kowace Lahadi da asuba takan hau da sandarta ta rubuta zurfinsu a littafi. Kurma ce, ba ta jin komai sai ta sa na'urar kunne, na'urar kuwa ta tsane ta. Ranar Asabar ta tsaya a bakin ƙofa ta farko ta tare ayarin Rhodri, jif biyar, ta ƙi matsawa. Sai da ya juya da baƙinsa. Rabin gari ya ji abin da ya ce mata: "Wata rana sai an take ki a hanyar nan, tsohuwa."

'Yan sanda suka zo, wata Sajan Ibbotson ce a gabansu, yarinya ce da ba ta wuce talatin da biyar ba. Ta same ni a zaune a kan katanga.

Ta ce, "An ce kai ne mai bin sawu, Baba Amos."

Na ce, "An faɗi gaskiya, yarinya."

"Sajan."

"To, Sajan, ki ce wa mutanenki su daina tattaka min ƙasa. Wancan mai ƙaton takalmin ya riga ya shafe taku uku."

Ta dube ni, ta dubi sama. Hadari yana haɗuwa daga yamma. Ta ce, "Masu auna mana sawu ba za su iso ba sai gobe."

"Gobe babu abin da za su auna sai ruwa."

"To nuna min."

Na nuna mata. Mota ɗaya ce, daga gari ta taso ta yi sama. Tayoyinta masu manyan haƙora ne irin na 'yan jif, amma haƙoran sun ci ƙasa, sun gaji. A kwanar ta ja birki, ta makara. Direban shi kaɗai ne. Ya sauko, takalmin roba ne a ƙafarsa, irin wanda ke bakin kowace ƙofa a kwarin nan. Ya je wurin Enid. Ga alamar gwiwa biyu a laka, sun nutse sosai.

Sajan ta ce, "Durƙusawa ya yi?"

"Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya tashi ya tafi."

Muka hau zuwa ƙofa ta uku. A rufe take, an ɗaure ta da shuɗiyar igiyar dami. Sawun motar ya shiga ta ƙarƙashinta ya fita ta baya, ya ratsa filin sama har kwalta, inda sawu ke mutuwa.

Ta ce, "Wannan bai buge ta ba. Wataƙila hankalinsa ya dawo."

Ni igiyar nake kallo.

Wannan ƙofa tun watan Agusta a buɗe take, an tokare ta da dutse, don babu dabba a filin sama. Ranar Juma'a da yamma ni na rufe ta da hannuna. Jabez ya kira ni na taya shi koro ragunansa uku daga gida, ta bayan tudu, muka sa su a kwarin da ke ƙarshen filin, inda ba a hango su daga hanya. A nan ba a barin rago ya kusanci tumaki sai ranar biyar ga Nuwamba. In ya riga ranar, 'ya'yan za su faɗo cikin ƙanƙarar Maris su mutu. Sakatar ƙofar ta karye, don haka na ɗaure ta da igiya.

Ɗaurin da ke gabana ba nawa ba ne.

Ruwa ya sauko. Sajan ta ja hular rigarta. Ta ce, "Akwai wani abu, Baba?"

Na ce, "Ƙafata tana ciwo. Mu sauka."

* * *

Litinin suka kama Rhodri, da yamma suka ba da belinsa. Tayoyinsa irin na sawun ne. Da aka tambaye shi inda yake Lahadi da asuba, ya ce ya je duba mashigin rafi shi kaɗai. Babu wanda ya gan shi.

Na je gidansa. An fasa masa taga biyu, ya toshe su da kwali. Matarsa Carys ta buɗe ƙofa, ta gan ni, ta tsaya a bakin ƙofar.

Ta ce, "In dutse ka kawo, Baba, ka jefa ta baya, ta gaba sun ƙare."

"Mijinki nake nema."

Ya fito ba takalmi, idonsa ja. Ya ce, "Ka zo ka ga yadda mai kisan kai yake?"

"Na zo ganin taya."

Ya kai ni garejinsa. Na sa yatsa a haƙorin taya, ya shige har gaɓa ta farko. Sababbi ne.

Na ce, "Yaushe ka sa waɗannan?"

"Watan jiya. Sajan ta ce ai ina iya canzawa bayan na yi aikin."

"Ina tsofaffin?"

Ya yi wata dariya mara daɗi. "Ka tambayi 'yan'uwanka manoma. Duk tayar da ni ko abokaina muka cire, bayan mashaya muke tarawa, su kwashe su danne tamfol ɗin ciyawarsu. Zagina suke yi da rana, su kwashi tayata da yamma. Gona biyar ko shida."

"Me ya sa ka gaya wa Enid waccan magana?"

Carys ta ce, "Don bakinsa ya fi kansa sauri."

Ya ce, "Gargaɗi na yi mata. Tana tsugunawa a kwana ba ta jin mota. Na sha gaya mata. Ranar na faɗa da fushi, shi ke nan." Ya share hanci da bayan hannu. "'Yata ta je makaranta yau, aka janye kujeru daga kusa da ita. Shekararta bakwai. Lauya ya ce in abin ya tabbata a kaina, sai ta gama sakandare ban fito ba. Baba Amos, na san ba ka ƙaunata."

"Ba na ƙaunarka."

"Amma ka san ƙasa. Ba ni ba ne."

Na ce, "In ka zo ƙofa a hanya, me kake yi?"

"Yadda na same ta haka nake barinta. Na gefena ke sauka ya buɗe. Dokarmu ce."

"In kai kaɗai ne?"

"Ba ma shiga hanyar tudu mutum ɗaya. In ka maƙale wa zai ja ka?"

Na fita ban yi sallama ba.

* * *

Akwai wani da na so ya zama shi ne. Mista Lascelles, shugaban kwamitin koke. Daga London ya zo da kuɗinsa ya sayi tsohon gidan fasto a bakin hanyar, yana son shiru. Shi ma yana da jif, baƙa, mai sheƙi. Na ji cewa ya gayyaci mai ɗaukar hoto na jarida ya zo ranar Lahadin nan. Hanya a lalace, ƙofofi a karye, kwana huɗu kafin zaman majalisa, wa ya fi shi cin riba?

Na same shi Talata da safe yana shan kofi a tsaye.

Ya ce, "Amos, abokina! Abin baƙin ciki. Amma ka ga, yanzu 'yan jif ba su da bakin magana. Jinin Enid ba zai tafi a banza ba."

"Ni ba abokinka ba ne. Wa ya gaya maka za a sami abin ɗauka a hoto ranar Lahadi?"

Ya ajiye kofin. "Ramukan za a ɗauka. Enid ce ta shirya. Me kake nufi?"

"Ka ji mota?"

"Wajen shida da rabi. Na ji ƙarar katako, na ce 'yan iskan nan ne, na juya na ci gaba da barci. Na gaya wa Sajan."

"Ba ka leƙa ba?"

"A wannan hazon? Ko hannuna ba zan gani ba."

Na wuce shi na nufi motarsa. A sandata na yi tsaga biyu ranar Lahadi, faɗin sawun daga taya zuwa taya. Na ɗora. Tasa ta fi faɗi da tafin hannu guda. Na duba ƙasanta, babu ko ɗigon jar laka.

Ya ce, "Zargina kake yi? Ni?"

"Na so. Ba ka isa ba."

* * *

Daga nan na hau gidan Jabez. Na bi Hanyar Makara a ƙafa, ruwa yana gudu a ramukan kamar rafi.

Ni da Jabez tare muka tashi. Benci ɗaya muka zauna a makaranta, tare muka gudu daga cikinta. Ni na tsaya masa ranar aurensa da Hilda. Bara da sanyi Hilda ta faɗi a kicin. Ƙanƙara ta toshe kwaltar tudu, motar asibiti ta biyo Hanyar Makara, ta maƙale a ramin jif ƙasan Dutsen Hutu. Muka cire ƙyauren gona muka ɗora Hilda a kai, mu huɗu, muka sauko da ita a kafaɗa. Kafin mu kai motar ta cika. Tun ranar Jabez bai ƙara faɗin sunan hanyar ba.

Tulin ciyawarsa yana gefen gida, an rufe da baƙin tamfol an danne da tsofaffin tayoyi. Ban kalli wajen ba. Na san in na kalla zan ga huɗu da jar laka a haƙoransu.

Yana zaune gaban murhu, karyarsa Fly a ƙafarsa. Bai yi aski ba.

Ya ce, "Tsohon dila. Ka zo shan shayin banza?"

"Naka ai ko kyauta tsada ne. Zuba."

Ya zuba. Shayi ya zube a tebur, bai goge ba.

Na ce, "An dawo maka da tumaki?"

"Sun cika. Sittin."

"Raguna fa?"

"Suna inda muka sa su."

"Ka yi sa'a. Da an buge ƙofa ta uku, da Maris ka kwashi gawar 'ya'yan tumaki."

Ya dubi wuta. Ya ce, "Na yi sa'a."

Muka sha shayi. Agogon Hilda yana bugawa a bango.

Na ce, "Yaron nan na Wales yana da 'ya. Shekara bakwai."

"Hilda ma tana da jikoki."

"Ba shi ya kashe Enid ba, Jabez."

"Shi da irinsa suka haƙa ramin." Muryarsa ta tashi, ta sake faɗuwa. "Alhamis jibi ne, Amos. Kwana biyu. In aka rufe hanyar, an rufe ke nan har abada. Bayan nan kome zai faru ya faru."

"Bayan nan sai ka ce a bari a binne Enid. Bayan nan sai ka ce a bari a gama haihuwar tumaki. Na san ka."

"Sunanka na huɗu a takardar."

"Yana nan."

"Kai ka ɗauki gaban ƙyauren da muka ɗora ta."

"Ni ne. Kafaɗata ba ta manta ba." Na miƙe. "Gobe da la'asar kwamiti zai zauna a ɗakin taron coci. Na ce wa Sajan ta zo, ta kawo yaron. Zan yi tambaya ɗaya. Na fi son wani ya riga ni magana."

Bai ɗago ba. Na kai ƙofa ya ce, "Shekara saba'in muna tare, Amos."

Na ce, "Da ɗaya."

* * *

Laraba ɗakin ya cika. Manoman kwari duk sun zo, da matansu, rigunan ruwa suna ɗiga a ƙasa. Lascelles yana kan tebur da takardunsa. An ajiye hoton Enid da furanni. Da Sajan ta shigo da Rhodri da Carys, surutu ya ɗauke, wani daga baya ya yi tsaki. Suka tsaya a jikin bango, babu wanda ya matsa musu a benci.

Jabez yana layi na uku. Ya yi aski, ya sa kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza.

Na jira. Lascelles ya yi magana mai tsawo a kan Enid da gobe. Na dubi Jabez. Yana kallon hularsa a gwiwa. Na ƙirga har ɗari a zuciyata, sannan na tashi.

Na ce, "Ba na iya dogon bayani. Mota ɗaya ta hau ranar Lahadi, mutum ɗaya a ciki. Tayoyin tsofaffi ne, daga tulin bayan mashaya. Wa ya taɓa ɗiba a can?"

Sai hannu ya tashi, ɗaya, biyu, har shida. Na Jabez yana ciki.

Wani manomi, Ned Coates, ya ce, "To sai me, Amos? Tayar ai ta ɗan Wales ce. Mu kake son ɗora wa?"

"Zauna, Ned, ba a zo kanka ba. Ya buge ƙofa ta farko. Ya buge ta biyu, tumaki suka watse, bai damu ba, tunkiya in ta sauka gari ana koro ta. Ya take Enid a kwana. Ya durƙusa a kanta, ya ga ta mutu. Mutumin da ya yi haka gudu yake son yi. Ya zo ƙofa ta uku, mota a hannunsa, ya riga ya karya biyu. Sai ya tsaya. Ya sauka ya kwance igiya, ya wuce, ya sake sauka, ya rufe, ya ɗaure. Me ya sa?"

Lascelles ya ce, "Ruɗewa ce. Mutum a ruɗe yana yin komai."

"Mutum a ruɗe abin da hannunsa ya saba yake yi. Ga tambayata. Mene ne a filin sama?"

Ned ya ce, "Babu komai. Tun Agusta ba dabba. Ƙofar ma a buɗe take."

"Kowa ya yarda?"

Kawuna suka gyaɗa. Matar Ned ta ce, "Ko makon jiya na wuce, a tokare take da dutse."

Na juya wajen Rhodri. "Kai fa?"

Ya ce, "Ranar Laraba na bi, a buɗe. Asabar ban kai can ba, an tare ni."

Na ce, "Akwai raguna uku a kwarin ƙarshen filin. Juma'a da yamma aka kai su ta bayan tudu. Ba a hango su daga hanya ko da rana tsaka, balle a hazo. Wanda ya rufe ƙofar nan ya san suna can, ya san tumakin da suka watse suna iya hawowa, ya kuma san yau ba biyar ga Nuwamba ba. Baƙo ba zai sani ba. Ku ma ba ku sani ba."

Sajan ta ce, "Wa ya sani, Baba Amos?"

"Mutum biyu. Ni ne ɗaya. Ban taɓa tuƙa mota ba a rayuwata."

Ruwa yana dukan kwanon rufi. Ban kalli layi na uku ba, amma na ji benci ya yi ƙara.

Jabez ya miƙe, hula a hannu. Ya ce, "Ramukan kawai na so in ƙara. Da ƙofofin. Don majalisa ta gani ranar Alhamis. Na manta Lahadi ce. Tun da Hilda ta tafi ranakun sun zama ɗaya. A tsugune take, ban gan ta ba sai da na ji. Na riƙe hannunta, babu kowa a ciki." Ya juya wajen bango inda Rhodri yake. Sannan ya ce, "Ban ma san na ɗaure ƙofar ba sai da na isa gida na ga zaren igiya a hannun rigata."

Ned ya ce a hankali, "Haba, Amos. Haba. Da ka bari zuwa Juma'a."

Carys ta zame ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska.

Sajan ta zo ta tsaya kusa da Jabez. Ba ta fito da ankwa ba. Suka nufi ƙofa, mutane suna janye ƙafa. Da ya zo daidai da ni ya tsaya. Na zaci zai tofa min yawu. Da ya yi, ba zan goge ba.

Ya ce, "Fly ba ta cin abincin gwangwani."

"Na sani."

"Biyar ga wata. Kada ka riga, kada ka wuce."

"Ba yau na fara ba."

"Babban ragon yana ɗingishi a ƙafar baya. Ka duba kofaton, tsohon banza."

Suka fita.

* * *

Majalisa ta ɗage zaman. Ta ce shaidar lalacewar hanya ta gurɓace, sai an sake aunawa, mai aunawa kuwa tana kabari. Har yau da nake rubuta wannan jif suna bin Hanyar Makara duk Asabar. Ramin ƙasan Dutsen Hutu ya kai cinya.

An binne Enid ranar Litinin. A coci benci guda aka bar min ni kaɗai. A mashaya in na shiga hira takan mutu, don haka na daina shiga. Lascelles ya sake buga takardar koke, ba a kawo min in sa hannu ba.

Rhodri ya zo gidana da kwalbar giya a hannu, wai godiya. Ya tsaya a bakin ƙofa yana neman kalma.

Na ce, "Ba don kai na yi ba. Koma da abarka."

Ya ce, "To don wa?"

Na rufe ƙofa.

Jabez ya amsa laifinsa a gaban alƙali. Aka ba shi shekara shida. Shekararsa saba'in da tara. Na rubuta masa wasiƙa sau ɗaya, ta ci min kwana uku, layi biyar ce. Bai amsa ba.

Ranar biyar ga Nuwamba na tashi da sassafe, na kira Fly, muka hau. Sanyi ya daskarar da laka, ramukan sun yi tauri kamar ƙarfe. Na wuce kwanar ban tsaya ba. Tumakin suna tsaye a jikin katanga, ragunan suna ɗaya gefen suna shaƙar iska. Na duba kofaton babban, ƙaya ce, na cire.

Igiyar ƙofa ta uku tana nan yadda Jabez ya ɗaure ta. Ruwa ya jiƙa ta, sanyi ya ƙulle ta. Na yi ta fama da yatsuna, ta ƙi kwancewa. Wuƙa tana aljihuna. Na daɗe a tsaye kafin na fito da ita.